Goran Irin Ɗanmalam

Garwa, 9 ga Fabrairu, 2021

Zuwa ga Baffa Halliru, lambun bakin Logon, Kuseri.

Assalamu alaikum, Baffa. Ina gaishe ku gaisuwar 'ya ga uba, da fatan takardar nan ta same ku lafiya, ku da Inna Fati da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Inna? An ce min har yanzu tana kumbura in ta daɗe a tsaye. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara leƙowa tun lokacinsa bai yi ba. Na rubuto da hannu kamar yadda kuka ce, tunda waya ba ta kawo wa kunnenku komai sai ƙara.

A cikin ambulan ɗin nan akwai ƙullin takarda, iri ne. Shekara shida ke nan da na zo na roƙe ku cikin cokali ɗaya daga goran irin Kaka Ɗanmalam, kuka ba ni kuna dariya, kuna cewa an kai ni har jami'a don in dawo in roƙi tumatirin da 'yan kasuwa ke rainawa. To ga abin da na yi da shi.

Kun fi ni sanin halin tumatir. Da zarar zafi ya kama, ko damina ta sauka iska ta yi nauyi, sai ya yi fure ya zubar, ba ya ɗaure ɗa. Na Kaka ne kaɗai ba ya zubarwa, amma 'ya'yansa ƙanana ne, ga tsami, ga fata marar kauri, kafin kwando ya haye gada zuwa Njamena rabi ya fashe. Mu kuma a wurin aiki muna da irin ƙasar waje, manya masu tauri, sai dai ragwaye ne, rana ɗaya ta watan Afrilu ta ishe su. Sai na haɗa su aure, na Kaka ne uwa. Tun furen bai buɗe ba nake sa matsefata in cire ɓangaren namijin da ke cikinsa, in ɗebo garin furen baƙon in shafa masa, in ɗaura jan zare a wuyan furen don in gane shi. Fure ɗaya bayan ɗaya, Baffa, a tsugune, har ta kai ni ga sa tabarau. Maza goma sha bakwai na gwada mata, goma sha shida suka ba ni kunya. Wannan da ke hannunku 'ya'yan ɗayan da ya rage ne.

Roƙona, ku zuba shi cikin makon nan, ku dasa a watan Maris, a gefe guda. Kada a yi masa rumfa, kada a fifita shi da ruwa. So nake ya sha wahala in ga abin da zai yi. Sai abu ɗaya da nake so ku riƙe: kada ku ɗebi iri daga 'ya'yansa. Duk shekara ni zan aiko muku da sabo.

A gaishe min da Inna. Allah ya ƙara muku lafiya.

'Yarku, Sadiƙa.

Kuseri, 20 ga Yuni, 2021

Zuwa ga 'yata Sadiƙa, wadda na ji yanzu Madam Injiniya ake ce mata.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Kumburin Innarki ya sauka, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Tana gaishe ki.

Tumatirinki ya yi. Ni ba mai ɓoye alheri ba ne, ko da na yaro ne. A watan Mayu, lokacin da ko jaki ba ya yarda ya tsaya a rana, shi yana can yana ɗaure 'ya'ya biyar biyar, shida shida. Maƙwabtan lambu suka riƙa zuwa kallo kamar an haifi maraƙi mai kai biyu. Matan Njamena masu saro sun biyo ni har bakin rijiya, wata ta danna guda da babban yatsa, ta tambaye ni da Larabcinsu ko dutse nake sayarwa. Marigayi babanki da yana raye, da ya cika garin nan da labari.

To na faɗi mai daɗin, saura wanda ya tsaya min a wuya.

Shugabarki Madam Colette ta zo da farar mota. Mace mai fara'a, ban ga aibinta ba. Ta kafa allo a bakin lambuna an rubuta GR-17, ta ba ni kwando na riƙe, ta ɗauki hoto. Na tambaye ta ina sunan mai irin. Ta ce a takardunku an rubuta "irin gargajiya na Kuseri". Ni dai ban taɓa ganin gargajiya ta ɗauki guga tana ban ruwa ba. Mutum ne, sunansa Abdussalam, ana ce masa Ɗanmalam, ya bar fataucin goro ya zo ya tsuguna a bakin kogin nan shekara talatin yana zaɓen tumatirin nan ɗaya ɗaya. Kakanki ne, in kin manta.

Na biyu shi ne layin ƙarshe na takardarki. Sau uku na karanta shi, na huɗu na karanta wa Innarki. Wai kada in ɗebi iri, ke za ki riƙa aiko min. Sadiƙa, ranar da kika zo da cokalinki, na gindaya miki sharaɗi? Shekara arba'in ina lambu, ban taɓa zama jiran mota ta kawo min abin da zan zuba a ƙasata ba. Masu kanti da ke sayar da iri a gwangwani su ma haka suke faɗa, su na san dalilinsu. Naki dalilin ne ban sani ba. Kin ɗauki na gida kyauta, kin sa masa lamba, kin dawo mana da shi da doka.

Ki ba ni amsa in kin sami sarari.

Baffanki, Halliru.

Garwa, 4 ga Yuli, 2021

Baffa, assalamu alaikum. Na yi murna da jin lafiyarku da sauƙin da Inna ta samu. Ni ma lafiya, sai gajiya.

Takardarku ta faranta min rai a sama, ta ɓata min a ƙasa. Ba rowa ba ce, Baffa, kuma ban taɓa tunanin riƙe muku wuya da iri ba. Halin iri mai aure ne. 'Ya'yan farko ne kawai ke fitowa kai ɗaya. In aka shuka jikoki sai su watse, wani ya ɗauko uwa, wani ya ɗauko uba, wani ya kwaso aibin kowa ya bar alherin. Shi ya sa duk shekara sai an koma ga uwa tsantsa da uba tsantsa an sake ɗaura auren. Wannan aiki ba a yinsa da ido ko da "na saba". Lissafi ne, kuma shekara shida na yi ina yinsa kafin in ce muku kada.

Maganar suna kuwa, takardar da muke cikewa ba ta da gurbin sunan manomi. Ba ni na tsara ta ba. Zan yi magana, amma ban yi muku alkawari ba.

Akwai labari. Za a tura ni estaj, wato ƙarin horo, a Faransa a watan Satumba, wata goma sha biyar. Na bar wa abokin aikina Antoine umarni a rubuce, zai sa muku iri a motar azans, kamfanin motocin haya, a farkon Janairu. Ba za ku rasa ba.

Ina neman addu'arku.

Sadiƙa.

Garwa, 16 ga Janairu, 2023

Zuwa ga Baffa Halliru.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Wata goma sha takwas ke nan ban ga rubutunku ba. Takarda biyu na aiko daga can, ban san ko sun iso ba, ko sun iso an ajiye. Inna ta gaya min a waya ruwan Logon na bara bai shiga gida ba, gefen lambu kawai ya ci, na gode wa Allah. Ta kuma ce in dai maganar tumatir ce, kun hana ta ɗaukar saƙo.

Na dawo a watan jiya, kuma da ma ban dawo na ga abin da na gani ba. Da farko ina neman gafara. Sai yanzu na san ba a aiko muku da iri ba. An mayar da Antoine garin Banyo wata ɗaya bayan tafiyata, takardar umarnina na same ta a cikin durowa yadda na ninke ta. Alkawari na yi muku bai cika ba, laifin nawa ne.

Na biyu ya fi wannan muni. Injin ɗakin sanyin da muke ajiyar iri ya lalace a tsakiyar damina, aka yi wata huɗu ba a gyara ba. Kun san daminar Garwa, gishiri ma narkewa yake a kwano. Ƙullayen suka sha raɓa suka yi fumfuna. Filin da ya kamata a sake shuka uwar don sabunta ta, ba wanda ya shuka. Na jera ƙwaya ɗari biyu na irin Kaka a kan jiƙaƙƙiyar takarda, na yi kwana goma sha huɗu ina leƙawa, ko ɗaya bai tsaga ba.

Uban ba damuwa, ana iya sake aiko mana da shi daga waje. Uwar ce babu inda take a duniya sai a goranku. In babu ita, tumatirin da kuka gani a watan Mayu ya ƙare ke nan, ba mai iya sake yinsa, har ni. Proje ɗinmu kuma, wato shirin binciken da nake aiki a ƙarƙashinsa, za a rufe shi a watan Disamba. Damina ɗaya ta rage min.

Baffa, na sake dawowa da cokalina. Ko kuna fushi da ni, kada fushin ya shafi irin Kaka.

'Yarku, Sadiƙa.

Kuseri, 11 ga Fabrairu, 2023

Sadiƙa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Bayana yana damuna tun aikin gyaran lambu bayan ruwa, amma ina tashi. Takardunki na Faransa sun iso, suna ƙarƙashin katifa.

Talata uku a jere na je azans a watan Janairun bara. Na uku, mai rubuta kaya ya ce, Baba, ko dai an yi maka wasa ne? A gaban mutane. Ban faɗa don ki ji kunya ba, na faɗa don ki sani.

Yanzu ki zauna ki karanta wannan a hankali. Shekara shida kina yi wa tumatirin babana tambayoyi, kina auna shi da ma'auni, amma ba ki taɓa tambayata yadda ake riƙe goran ba. Ke a Garwa kika tashi, hutu kawai ke kawo ki, kin ɗauka akwati ne da ake kullewa. Goran nan ba a juye shi, ba a kuma barin shi da tsohon iri kaɗai. Duk ɗibar tumatir, ana zaɓar mafi kyau a lambu, a matse, a wanke, a shanya a inuwa, a zuba a kan na ciki, a ƙara toka, a girgiza. Haka babana ya yi, haka ya koya min, da haka irin ya kai har ya iske ki.

Tunda ya rataye goran nan, irin wani bai taɓa shiga ba. An kawo mana na Marwa, an kawo na Najeriya, mun shuka mun ci, ba mu zuba ba. Naki na zuba. A makon da na rubuto miki ina faɗa, a makon na zaɓi goma sha biyu mafi kyau daga cikin naki, na yi musu yadda ake yi. Ina fushi da ke, amma na ce wannan jinin gidan nan ne, 'yar ɗan'uwana ta yi shi, wurinsa yana cikin goran. Ranar ji na yi na yi miki abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Takardarki mai bayani ta iso bayan mako biyu. Na karanta, na gane, na kuma ga an ce ba a yi da ido. Sai na ninke ta na yi shiru.

Sau uku na shuka daga goran tun lokacin, sau uku na mayar da sabon iri ciki. Ya watse kamar yadda kika ce, wani dogo, wani kewayayye, wani ya yi fure ya zubar yana kallona. Gaskiyarki ce, kuma ba ta yi min daɗi ba. Da kin sa layi biyu na dalili a takardar farko maimakon doka, da ba mu kai nan ba. Kin yi min magana yadda kike yi wa leburorinku, ni kuma na nuna miki ni ba lebura ba ne, ga inda ya kai mu.

Tunda ba a juyewa, ba mamaki akwai tsofaffin ƙwayoyi a ciki da ba su gauraya da kowa ba. Ga rabin kofin shayi na ɗebo daga can ƙasa. Ki yi lissafinki.

Halliru.

Garwa, 12 ga Mayu, 2023

Baffa, assalamu alaikum. Allah ya ba bayanku lafiya. Ku daina ɗaukar buhu, don Allah.

Na daɗe ban rubuto ba saboda duk abin da na fara rubutawa bai dace 'ya ta aika wa uba ba. Na yayyaga uku. Abin da zan iya faɗa shi ne, na rubuta muku "kada ku ɗebi iri" da Hausa, ba da Faransanci ba. Kun ce girmama ni kuka yi. Na yarda, kuma na yi kuka da na karanta. Amma girmamawar ta ci min shekara takwas na rayuwata.

Ga inda aka kwana. Ɗari uku suka tsiro, na dasa su duka, yanzu sun fara nuna. Na tuge duk wanda jinin baƙon ya fito masa a fili, mai babban ɗa, mai kaurin fata, mai faɗin ganye. Na tuge duk wanda ya zubar da fure a zafin Afrilu. Arba'in da ɗaya suka rage. Dukansu ƙanana ne, kafaɗarsu kore, kararsu da gashi, kamar na Kaka. Sai dai kama ba ta isa ba. Jika na iya ɗauko fuskar uwa, cikinsa kuwa a gauraye. Hanyar tabbatarwa ita ce in shuka 'ya'yan kowane ɗaya in ga ko za su watse, wannan kuwa damina guda ce, kuma ita kaɗai gare ni. Na'urar da ke gwada ganye ba mu da ita a nan. In na ɗaura aure da uwar da ba ita ba, sai a watan Nuwamba zan sani, lokacin an gama.

Shekara arba'in kuna ba mutane irin nan. Ba wanda ya ajiye nasa daban? Ku tambaya min, ko ƙwaya goma ce.

Sadiƙa.

Kuseri, 22 ga Mayu, 2023

Sadiƙa, wa alaikumus salam. Lafiya muke. Ban daina ɗaukar buhu ba, don buhu ba ya ɗaukar kansa.

Lambu goma sha ɗaya na zaga. Na shiga kwalekwale na je ƙetare wurin waɗanda iyayensu suka karɓa daga hannun babana. Babu. Kowa ya watsar da tsohon tun shekarar da ya ga naki, kuma kin san wa ya ba su sabon? Ni. Na bi su gida gida da ƙulli a aljihu ina cewa ga na 'yata. Wani ma dariya ya yi min, ya ce wa zai ajiye mai tsami yana ganin mai kuɗi. Shekara hamsin ƙaramin abin nan ya ciyar da su a lokacin da kowane tumatir ya mutu, sun manta da shi a damina biyu. Ban zage su ba, ni na fara.

To yanzu ki saurare ni. Lissafi ya kai ki arba'in da ɗaya ya tsaya. Ni tun ina ɗan shekara tara nake murza ganyen tumatirin nan a hannuna. Na san warinsa, na san yadda yake kwantar da kai da azahar, na san tsaminsa a gefen harshe. Kin ce ba a yi da ido, amma yau ido ya rage miki. Kada ki taɓa ko ɗaya. Zan shiga mota ranar Laraba ta sama, in kwana Marwa wurin mutanenmu na unguwar Dugoi, in iso miki Alhamis in hanya ta bar ni da ƙashin baya.

Baffanki.

Garwa, Alhamis 8 ga Yuni, 2023

Zuwa ga Baffana.

Assalamu alaikum. Inna ta ce kun isa lafiya, sai dai kun ƙi cin abinci, wai gajiyar hanya. Ku huta, Baffa, kun yi abin da ba wanda zai iya.

Tun tafiyarku ba a daina maganarku a wurin aiki ba. Yadda kuka tuɓe takalmi kafin ku shiga fili, kuka bi layi kuna murza ganye kuna shinshinawa, kuna gatsa kuna tofarwa, har kuka ɗaura zare a kan tara. Ina biye da ku da littafina. Abin da ban gaya muku ba a ranar shi ne, bakwai daga cikin taran nan su ne dama zuciyata ta fi kwantawa da su, na kasa faɗa don ba ni da hujja. Da na ga hannunku ya sauka a kansu, sai na yi hamdala a zuciyata. Na janye maganar da na yi muku shekara biyu da suka wuce. Rashin kunya ce, ku yafe min.

Na gaya wa Madam Colette mai irin da kansa ya tabbatar, ta amince mu ɗora aikin damina duka a kan taran. Uban ya iso, yana cikin tukwanen reno. Ranar Litinin za mu tuge sauran talatin da biyun don a sami wurin dasa shi, kada kuma ma'aikata su rikice su ɗebo daga inda bai kamata ba. Daga nan sai tsugunon ɗaura aure. In Allah ya yarda, a watan Nuwamba ni da kaina zan kawo muku, ba azans ba.

Rabona da barci mai daɗi irin na makon nan tun kafin in dawo.

'Yarku mai godiya, Sadiƙa.

Kuseri, Talata 13 ga Yuni, 2023

Sadiƙa, 'yata.

Wa alaikumus salam. Jikina lafiya. Ba gajiyar hanya ta hana ni cin abinci ba.

Yau da hantsi takardarki ta iso, motar ta kwana biyu a hanya da lalacewar taya. Na ga kin ce Litinin. Litinin jiya ce. Innarki ta ce a buga miki waya, na ce wannan magana ba ta aike ba ce, kuma abin da aka tuge an riga an tuge.

Ban gane shi ba, Sadiƙa.

Na murza ganyen farko na ji warin lambun babana, na ce alhamdu lillahi. Na murza na biyu, shi ne. Na uku, shi ne. Duka arba'in da ɗayan wari ɗaya suka yi min. Na gatsa, kowanne da tsami, harshena kuma shekara biyu yana cin gauraye, ya manta iyakar na da. A tsakiyar layi na biyu na san ban sani ba. Ashe ni lambu guda na sani, ban taɓa sanin tsiro ɗaya shi kaɗai ba, don ba a taɓa ajiye min shi kusa da mai kama da shi an ce in raba ba.

Ya kamata in juyo in faɗa miki a nan take. Amma ga Madam ɗinki da lema, ga ma'aikata sun bar aiki sun jeru, ga ki a bayana da littafi. Na yi kwana biyu a mota don in nuna wa 'yar boko abin da tsoho ya sani. Sai na riƙa satar kallonki. In na tsaya a kan wani na ga kin daina rubutu kin ƙura masa ido, sai in ɗaura zare. Bakwai ɗin da kika ce mun haɗu a kansu, ba haɗuwa muka yi ba, fuskarki na karanta. Sauran biyun na ƙara ne don kada ki gane.

Kwana tara ina cewa gobe zan rubuta. Na ɗauka za ki bar sauran a tsaye har ƙarshen damina, na ce akwai lokaci. Ban tambaye ki ba, don tambaya za ta tona ni.

Watakila yana cikin taran. Watakila yana cikin waɗanda kuka tuge jiya. Watakila tun bara ya mutu a cikin goran, muna ta faɗa a kan abin da babu. In ba a ƙone su ba, ki je juji da kanki ki tsince 'ya'yan da ba su ruɓe ba, ki ajiye kowanne daban, ko ba don proje ba.

Gafarar da kika nema ki riƙe abarki, ba ki yi min rashin kunya ba. Ki gaya wa Madam gaskiya kafin ki ɓata damina a kansu. In kina jin nauyi, ki miƙa mata takardar nan, a fassara mata, ki ce tsohon ne ya yi ƙarya.

Ni ne Baffanki, Halliru.